IGIYAR DA BA TA TSINKE BA

Shafi na 23

Masu turo mini saƙo kuna cewa Damtse ba ta da imani, na gani, na karanta duka, har da wadda ta ce da yayarta ce da tuni ta shaƙe ta. To ku sassauta. Ku ji na yau tukuna, in ya so sai ku zage ta da hujja.

*

Gari ya waye Damtse ko ruwa ba ta kai bakinta ba. Tana zaune a bakin katifa ta kifa hannayenta a gwiwa, ƙanwarta Auta kuma ta juya mata baya tana ninke bargon da ta gama ninkewa tun ɗazu. Tun shekaranjiya da aka rasa Balbela a Rijiya, maganar da ke haɗa su ba ta wuce "ga ruwa" da "rufe ƙofa" ba.

Rijiya dai ramin lif ɗin nan ne da ya ratsa benen daga sama har ƙasa. Tun da Tururi mai guba ya kwanta a doron ƙasa ya koro duk mai numfashi zuwa hawan sama, ta nan ake zura masu sauka da igiya duk lokacin da ya lafa, su kwaso gwangwani da magani da ƙarfe kafin ya sake tasowa. Kowane mai sauka da mariƙinsa. Damtse ce mariƙiyar Balbela. Shekarunta goma sha bakwai, amma duk benen babu namijin da ya kai ta jan igiya, abin da ya sa sunanta na gaskiya ya ɓace ke nan.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Maman Balbela ce, idanunta sun kumbura, tana riƙe da wani ɗan gwangwani mai murfi.

"Ƴata, miƙo hannun."

"Mama, ai sun warke."

"Sun warke a ina? Ni za ki yi wa ƙarya? Miƙo."

Damtse ta miƙa. Tafukan duk sun saɓule, jan nama a fili. Matar ta durƙusa a gabanta, ta lakato mai da yatsa ta shiga shafa mata a hankali, tana hura musu iska.

"Na Balbela ne," in ji ta. "Ita ta samo shi a ƙasa, ta ce in ɓoye saboda ranar bukata. To ga ranar."

"Mama, ki bar abinki, don Allah."

"In bar wa wa? Duk wanda ya ga hannun nan ya san ba ki sake ta ba. Kin riƙe ta har fatarki ta fita. Igiya ce ta ci amanarku, ke da ita."

Damtse ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Da matar nan ta zo da sanda ta rufe ta da duka da ya fi mata sauƙi, domin ba igiyar Balbela ce ta saɓule wannan fatar ba.

Shekaranjiya Tururi ya taso ba zato, aka buga ƙararrawa. Damtse na tsaye a ƙofarta tana jiran Balbela ta ja igiya daga ƙasa, sai ta ji faɗuwar mutum a bayan allon katakon da ya raba ta da ƙofar kusa. Dogo ne, mariƙin Auta. Ya shaƙi abin ya zube sumamme, igiyar Auta na zarewa tana gudu ƙasa.

Dokar farko da ake koya wa mariƙi ita ce hannu ba ya barin igiya. Ba a ɗaure ta a ƙarfe, saboda da jan igiya mai sauka ke magana, ƙarfe kuwa ba ya ji. Damtse ta san wannan tun kafin ta iya ɗaure gashinta. Duk da haka ta ɗaure igiyar Balbela a ƙarfen bakin ƙofa, ta ce a ranta yanzun nan zan dawo.

Ta ruga ƙofar kusa ta jawo ƙanwarta. Da ta koma, igiyar Balbela babu nauyi. Ta jawo ta, bakin igiyar ya fito lafiya lau, ƙullin a kwance. Balbela ta ja, ta sake ja, ba a amsa ba, ta kwance kanta ta shiga duhu neman wata hanya.

Sai tsoro ya sa Damtse abin da ya fi na farko muni. Ta durƙusa ta goga bakin igiyar a gefen siminti har ya cinye, ta wurga guntun a Rijiya, sannan ta kurma ihu wai igiya ta tsinke. Dogo kuwa da ya farfaɗo ya ga Auta a sama, sai ya ɗauka shi ya jawo ta kafin ya suma. Har yau yana yawo a benen yana nuna wa mutane ƙwanjinsa.

Igiya in ta tsinke, laifin wanda ya tufka ta ne. Yau da hantsi za a sauke Baba Mai Tufka, kuma wanda aka sauke ba a jawo shi.

Maman Balbela ta naɗe mata hannayen da tsumma mai tsabta, ta dafa kanta, ta fita.

Ƙofar na rufuwa Auta ta juyo.

"Yaya."

"Mene ne?"

"Da na iso sama, fuskarki na gani."

Damtse ba ta ɗago ba.

"Ba fuskar Dogo ba, Yaya. Taki."

"Tururi ya bugi kanki. Mafarki kika yi."

"In ke kika jawo ni, wa ke riƙe da Balbela?"

Damtse ta miƙe zumbur ta damƙi kafaɗarta, har sai da zafin tafin ya kai mata ƙwaƙwalwa.

"Kika sake faɗin wannan maganar, ko a barci ne, ni da ke ne. Kin ji ni?"

Auta ba ta ce ta ji ba. Ido kawai ta zuba mata, har Damtse ta gaji ta sake ta, ta suri gorar ruwa ta fice.

*

A ɗakin ajiyar kaya aka kulle Baba Mai Tufka. Mai sandan da ke tsaron ƙofa ya ga gorar ruwa, ya ga naɗaɗɗun hannayenta, ya girgiza kai.

"Ke dai kina da zuciya. Mutumin da ya cuce ki ne kike kawo wa ruwa?"

Ya buɗe mata.

Tsohon na zaune a ƙasa ya miƙe ƙafa ɗaya, ya maƙale bakin wata sabuwar igiya a babban yatsansa. Ga tarin tsofaffin labule da leda da wayoyin lantarki a gefensa, yana murzawa a cinya.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, Damtse. Yauwa, kin zo a daidai. Kama mini bakin nan, yatsan ya gaji."

Ta kama ba tare da ta yi tunani ba, kamar yadda ta saba tun tana ƙarama.

"Har yau aiki kake yi?"

"To me zan yi, kuka? Na ce su ba ni tsummokarana. Ba zan bar musu rabin igiya ba, su ce tsohon ma rago ne."

Ta ajiye gorar.

"Baba, ina da magana."

"Ba ki da ita."

"Baba..."

"Na ce ba ki da ita. Ja da kyau, kin sassauta."

"Igiyar nan ba ta..."

"Ni za ki gaya wa?" Bai ko ɗago ba. "Ni na tufka ta. Da suka ajiye ta a gabana wajen shari'a, kallo ɗaya na yi mata na ga farin siminti a bakinta. Ko gogewar ma ba ki iya ba."

Ta zube a gabansa, igiyar na hannunta.

"Ka sani? Ka sani ka yi shiru?"

"In faɗa a yi yaya? Faɗa mini dokar."

Ta sunkuyar da kai.

"Faɗa mana, ai kin haddace."

"Wanda ya bar igiyarsa saboda ɗan uwansa..." Ta saci kallon ƙofa. "A sauke su tare."

"Tare. Ke da Auta. Yarinyar da na goya ran da Tururi ya zo, na hau benen nan da ita, uwarku na bayanmu tana tari har ta daina. Ita zan miƙa musu da bakina?"

"Amma kai ba ka yi komai ba, Baba."

"Ita ma ba ta yi komai ba. Ni kuwa na ci rabona. Dubi yatsun nan, kullum da safe sai na jiƙa su a ruwan zafi kafin su yarda su miƙe."

Nan kukan da ta danne tun shekaranjiya ya ƙwace mata. Ta kifa goshinta a ƙafarsa.

"Ka yafe mini. Don Allah ka yafe mini."

"Nawa na yafe tun a wajen shari'a. Na Balbela kuwa ba nawa ba ne, kada ki roƙe ni shi."

Ya daina murzawa. Karon farko ke nan da ya dube ta sosai, kuma babu wasa a idonsa.

"Da hannunta ta kwance, ko ba haka ba?"

Damtse ta gyaɗa kai.

"Na sani. Shi ke hana ni barci, ba saukar ba. Mutum ba ya kwance igiya sai ya tabbata babu kowa a sama. Da wannan tunanin yarinyar nan ta tafi, ke kuma da shi za ki zauna har ki tsufa. Ya ishe ki. Kada ki ƙara da na ƙanwarki."

Mai sanda ya bubbuga ƙofa.

"Ke za su ba igiyata, kin sani ko?" in ji tsohon. "Mariƙin da aka cuta shi ke saki, haka aka saba. Ki zura ni a hankali, ba na son juwa. Ƙafata na taɓa ƙasa zan ja sau ɗaya, ki saki abinki ki tafi. Ki yi mini alkawari."

Ta kawar da kai.

"Damtse. Alkawari."

Ƙofa ta buɗe, aka ce lokaci ya yi.

*

Duk benen ya hallara a bakin Rijiya. An cire allunan katakon da ke raba ƙofofin don kowa ya gani. Masu tace ruwa sun bar tukwanensu, masu shuka sun sauko daga rufi da ƙasa a ƙafafunsu, yara sun lafe a jikin iyayensu. Wari mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai na tasowa daga ramin kaɗan-kaɗan.

Uwar Igiya na tsaye a gaba. Ita ta koya wa duk wani mariƙi a benen riƙo, ita ke yanke hukunci a kan duk abin da ya shafi Rijiya. Yatsu uku gare ta a hannun hagu, igiya ta tafi da sauran tun tana budurwa. Ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, ba a kuma taɓa ganin ta janye magana ba.

Da kanta ta ɗaure Baba Mai Tufka a ƙugu. Da kanta ta ɗora igiyar a kan wilin ƙarfen da ke saman ƙofa, ta danƙa wa Damtse bakinta.

"Kana da abin faɗa?" ta tambaye shi.

"Wadda na bari a ɗakin ajiya ban ƙarasa ba. A ba mai haƙuri ya ƙarasa, ban da Dogo."

Wasu suka yi ƴar dariya, suka haɗiye ta da sauri.

Ya juya baya, ya dubi Damtse, ya sauka.

Nauyinsa ya zo hannunta. Wayyo, ashe bai fi buhun tsumma ba. Ta shiga zura shi a hankali kamar yadda ya ce, hannu bayan hannu. Kansa mai furfura ya nutse a duhu. A gefen dama Maman Balbela na tsaye tana kallonta da tausayi, leɓunanta na motsi, addu'a take yi mata. A gefen hagu Auta ce, ta harɗe hannu a ƙirji, ba ta ko ƙiftawa.

Igiya na tafiya. Ta wuce hawa ɗaya, ta wuce na biyu, ta ci gaba.

Damtse ta tuna yadda igiyar Balbela ta zo mata babu nauyi. In ta ƙarasa zura wannan, haka ita ma za ta koma, kuma wannan karon da saninta ne, a gaban kowa, ana sa mata albarka.

Hannunta ya tsaya.

"Ci gaba," in ji Uwar Igiya.

Ba ta motsa ba.

"Damtse. Bai kai rabi ba. Ci gaba."

Ta kafa ƙafarta a ƙasa, ta jingina baya, ta jawo igiyar kamu ɗaya zuwa sama. Wilin ya yi ƙara. Mutane suka fara kallon juna.

"Me kike yi?" in ji Uwar Igiya.

"Igiyar ba ta tsinke ba."

A hankali ta faɗa, amma har na can baya sun ji.

"Sake faɗa."

"Igiyar Balbela ba ta tsinke ba! Ni na ɗaure ta a ƙarfe na bar wurin. Ta ja ba na nan. Ta gaji ta kwance kanta. Ni na goge bakin igiyar a siminti na ce ta tsinke. Baba bai yi komai ba, ni ce!"



Maman Balbela ta tako a hankali har gabanta. Ta dubi fuskarta, ta dubi tsumman da ke hannunta.

"Ta ja?" in ji ta. "Ƴata ta ja, ba kowa?"

"Mama..."

"Kada ki ce mini Mama. Da hannuna na shafa miki man ƴata ɗazu. Kina kallona."

Ba ta mare ta ba, ba ta zage ta ba. Ta ja da baya kawai ta zauna a ƙasa daɓas, mata biyu suka riƙe ta.

Daga cikin Rijiya muryar tsohon ta taso, tana amsa-kuwa a bango.

"Ƙarya take yi! Igiyata ce ta tsinke! Yarinyar nan baƙin ciki ya taɓa mata kai, kada ku saurare ta! Damtse, zura ni, don ubanki!"

Uwar Igiya ta leƙa ramin, ta daɗe tana saurare, sannan ta ɗago.

"Ashe ya sani," in ji ta. "Ya tsaya a gabana ya ɗauki laifin da ya san ba nasa ba ne, ya mai da ni sakarya a gaban mutanena. To wanda ya ɓoye wa Rijiya gaskiya, shi ma nata ne."

Damtse ta girgiza kai da ƙarfi.

"A'a! Ni ce mai laifi, ni za ki sauke! Ku taya ni jawo shi, in ya so ku jefa ni ba igiya ma, na yarda!"

"Ba ke ke yanke hukunci a nan ba. Tambaya ɗaya ta rage. Mariƙi ba ya barin igiya don ya sha iska. Don wa kika bar ta?"

"Ba don kowa ba. Tsoro na ji na gudu."

"Ke? Ni na koya miki riƙo, ban taɓa ganin kin ja da baya ko taku ɗaya ba. Don wa?"

"Na ce ba kowa!"

"Don ni."

Auta ce. Ta fito daga cikin mutane ta tsaya a fili, ƴar siririya, kanta a sama.

"Dogo ya suma, igiyata ta zare. Yaya ce ta jawo ni."

"Rufe bakinki!" Damtse ta daka mata tsawa. "Ƙarya take yi, ba ta cikin hayyacinta ranar! Auta, koma ɗaki!"

Ta yunƙura za ta je ta toshe mata baki, igiya ta zame kamu guda, tsohon ya yi ƙara daga ƙasa. Dole ta koma ta kafe. Hannayenta biyu na kan igiya, tana ji tana gani masu sanda suka kama ƙanwarta.

Uwar Igiya ta ɗauko wata igiyar daga ƙugiya. Ta ɗaure Auta a ƙugu, ta gwada ƙullin, ta ɗora igiyar a wilin ƙofar kusa. Sannan ta zo ta ɓamɓare hannun hagun Damtse daga igiyar tsohon, yatsa bayan yatsa, ta naɗa mata sabuwar a damtse, ta danƙa mata bakin.

"Doka ta ce a sauke ku tare," in ji ta. "Amma benen nan ba shi da hannu irin naki, ba zan zubar da shi a rami ba. Ranar nan kin ga za ki iya da igiya biyu, kin ɗauki rai biyu kin yi rabo yadda kika ga dama. To ga biyu. Wanda kika jawo har sama ya tsira, babu mai sake taɓa shi."

Ta juya ga jama'a.

"Duk wanda ya sa mata hannu, zai bi su."

Babu wanda ya motsa. Jini ya fara ɓullowa ta tsumman hannun dama, inda nauyin tsohon gaba ɗaya ya koma.

"Ki yi wa Allah," in ji Damtse. "Ki bari in jawo shi tukuna. Ɗaya bayan ɗaya, ki yi wa Allah."

Uwar Igiya ta yi wa masu sanda alama da kai. Suka matsa da Auta bakin ramin.

"Ku sake ni," in ji Auta. "Na san hanya."

Suka sake ta. Ta tsaya a gefen simintin, ta juya wa duhun baya, ta dubi yayarta.

"Yaya, in sun yi miki nauyi, tawa za ki saki."

"Auta, kada ki..."

Auta ta taka baya, igiya ta biyu ta miƙe.